Shekarar da Na Ɓoye Ƙofa a Cikin Faifai

Maryama, na gaji da jin labarin nan a bakin waɗanda ba su nan lokacin da aka yi shi. Shekaranjiya kin dawo daga gidan kakarki kina tambayata wai da gaske ne na ƙwace wa Kawu Sanusi sana'arsa. Ban ba ki amsa ba, don shekarunki takwas, kuma tuwo na kan wuta. Shi ya sa na sayi wannan littafi mai layi, in kin girma ki karanta da idonki. Ba zan tsaya jera maki makarantun da na yi ba. Na gama sakandare a nan Dutsin-Ma, sakamakon bai yi kyau ba bai kuma yi muni ba, na zauna gida ina jiran abin da Allah zai yi. Abin da nake so ki sani shekara ɗaya ce tak, shekarar faifan Kurfi.

Kawunki, wanda ni nake ce wa Yaya Sanusi, yana da shago a lokacin kusa da tasha. Gaban shagon na gem ne: talabijin uku, benci biyu, samari cike suna buga ƙwallo da hannun gem suna zagin juna kamar za a yi dambe. Can ciki kuma akwai kwamfutar da yake haɗa bidiyon biki da suna, ya buga a faifai. Mace ba ta shiga shagon gem, ba sai an faɗa maki ba. Ni kuwa tun ina ƙarama in na wuce na ji ihun nan sai raina ya ɓaci, ina cewa mi suka fi ni da shi. Sai wata rana injin wuta ya ƙona mashi na'urar gem guda, ya kawo hannayenta gida ya jefa cikin kwali tare da tsohuwar kwamfutar da ya daina aiki da ita. A cikin kwamfutar nan na tarar da wata manhaja da suke kira emuleta. Aikinta ta sa kwamfuta ta yi kamar ita ce na'urar gem, har tsofaffin wasanni su yarda su buɗe a cikinta. Ba wanda ya koya mani. Na yi sati biyu ina faɗa da ita. Hoto na rawa, murya na riga hoto, in danna sama mutumin ya yi ƙasa. Kowane maɓalli na hannun gem sai da na gaya wa kwamfuta aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ni da ba ni da haƙurin tsinkar zogale, sai ga ni ina zama tun hantsi har la'asar a kan abu guda. Ranar da wasan faɗa ya buɗe lafiya lau, na yi ihun da ya sa Inna, kakarki, ta fito da ludayi a hannu.

"Kulu, lafiya? Kunama ce?"

"Inna, ya yi! Ya yi!"

"Allah ya shirye ki. 'Yan'uwanki mata na koyon ɗinki, ke kina ɗaki kina kashe ƙattai."

A wasannin nan na fara sanin cewa ana ɓoye abu a fili. Akwai shafin da ake zaɓen ɗan wasa, kina ganin mutum goma. Amma in kika danna maɓallai a wani jeri na musamman, sai na goma sha ɗaya ya fito. Yana nan tun farko, wanda bai san jerin ba zai shekara yana wasa bai gan shi ba.

Daga gem na tsallaka zuwa manhajar haɗa faifai, don ita ma tana cikin kwamfutar. Ke ba ki tarar da zamanin faifai sosai ba, bari in yi maki bayani. In an sa faifan biki a na'ura, ba ya fara wasa kai tsaye. Wani shafi ke fara fitowa, da hoto da kiɗa yana maimaita kansa, da jerin abubuwan da ke ciki, a zaɓa da rimot. Shi ake ce wa menu. Yaya Sanusi ba ya wahalar da kansa, yana ɗaukar waɗanda suka zo a shirye cikin manhajar: jan fure, zobba biyu, wani har da dusar ƙanƙara tana zuba, a bikin da aka yi cikin zafin bazara a Dabawa. Na ce mashi wannan abin kunya ne. Ya ce in na iya in yi. Na yi. Na sa hoton hannun amarya da lallenta, na rubuta da Hausa, Ɗaurin Aure, Walima, Kai Amarya, Kalli Duka, yadda ko tsohuwa za ta sa jikanta ya karanta mata. Tun daga ranar ya riƙa kawo mani aiki gida a ɓoye. Mutane suka fara zuwa daga Kurfi da Kutawa suna cewa a yi masu irin na gidan wane. A ƙasan kowane menu sunansa ne. Baba kuwa, kakanki, yana zaton buga takardu nake koyo.

Na kusa shekara a haka, sannan na ce a sa sunana.

"Yaya, ko da ƙananan baƙaƙe ne, can ƙasan naka."

"Sunan budurwa ya riƙa yawo a talabijin ɗin mutane? Je ki tambayi Baba. In ya yarda na yarda."

Ya san ba zan tambaya ba. Na ce to daga yau ya yi abinsa. Na faɗa da zafi, na kuma cika. Wannan laifina ne a cikin labarin, ban ɓoye maki ba, don aikin da ke hannunsa a lokacin shi ne na gidan Malam Zubairu.

Malam Zubairu babban malami ne a Kurfi, mai makarantar allo da ɗalibai manya. A wurin mahaifin Malam Zubairu Baba ya yi karatu, don haka Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce Malam. Da Malam zai aurar da ɗiyarsa Sa'adatu, ya yarda a ɗauki ɗaurin aure da walimar maza kawai. Matarsa, Hajiya Indo, ita ta matsa sai an ɗauki na cikin gida. Da ƙyar ya amince, bisa sharaɗi biyu: mace ce za ta riƙe kyamara, kuma namiji ba zai kalla ba, har mai haɗawar. Ƙanwar Hajiya, Gwaggo Larai, ita ta riƙe kyamarar. Yaya Sanusi ya yi alkawari da zuciya ɗaya, don ya san ni zan haɗa. Sai ga ni na yi yaji.

Ki ji abin da ya yi, don in ba ki fahimci wannan ba za ki ɗauka sakaci ne. Kawunki mutum ne mai cika alkawari. Ya ja aikin wata biyu yana jiran in huce, ban huce ba. Da aka matsa mashi sai ya zauna ya haɗa faifan maza da kansa. Ya zuba duk abin da ke cikin kyamara a manhajar, ya cire na mata ta hanyar duba lambobinsu, bai buɗe ko ɗaya ba. An ce har takarda ya manna a gefen allon kwamfutar don kada idonsa ya faɗa kan ƙananan hotunan. Sannan ya ɗauki menu ɗin nan na shirye. Abin da bai sani ba, irin wannan menu da kansa yake ɗaukar guntun bidiyon da aka fara zubawa ya mai da shi hoton baya, kuma ba ya bayyana sai an buga faifan. Bidiyon farko a kyamara kuwa na ranar kamu ne, don kamu ke riga ɗaurin aure. Da ya gwada faifan a talabijin da ya gani. Amma talabijin ukun duk samari na gasar ƙwallo a kansu, ya sa faifai a leda ya aika.

Malam ya tara surukansa da dattawan unguwa a zaure bayan la'asar, har da Baba, aka fito da talabijin aka tada inji. Aka sa faifai. Sai ga Hajiya Indo a allo, gyale ya sauko ƙugu, tana juyi tsakiyar mata ana guɗa. Guntun bai fi a ƙirga ashirin ba, in ya ƙare ya sake farawa. Rimot kuma yana cikin gida. Dattawa suka sunkuyar da kai kowa na nazarin tabarma. Wani ya danna maɓallin jikin talabijin, murya ta ƙaru. Wani tsoho ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe allon, guɗa ta ci gaba daga ƙarƙashin riga. Sai da aka zagaya aka kashe injin. Yau in an ba da labarin mutane dariya suke yi. Ranar ba wanda ya yi. Baba ya dawo gida bai ci abinci ba, ya sa aka kira Yaya Sanusi, ya yi mashi faɗan da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Saƙon Malam ɗaya ne: ranar Asabar a kawo kwamfutar Kurfi, a goge duk abin da aka ɗauka a cikin gidansa, a gabansa. Ya ce faifai ba ya da kunya, ko an yi wa mata nasu daban, wata rana yaro zai ɗauka ya sa a gaban baƙi.

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Larai ta yi sallama gidanmu. Ta zauna ɗakin Inna, ina tsakar gida ina wanke-wanke, kuma ban yi kamar ba na ji ba. Ta ce Hajiya ce ta aiko ta. Mahaifiyarsu, Iya, ta zo bikin daga Kutawa, kuma ta rasu bayan bikin da 'yan kwanaki. Tsohuwar duk rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba sai ranar nan, da jikarta ta roƙe ta.

"Yaya Hajiya ba ta ce a saɓa wa Malam ba," in ji Gwaggo Larai. "Cewa ta yi ko za a bar ta ta gani sau ɗaya kafin a goge. Ko sau ɗaya."

Inna ta ce sai haƙuri, maganar maza ce. Na ajiye kwanon da ke hannuna na ce ba maganar maza ba ce, tunda ba namiji ko ɗaya a cikin bidiyon. Inna ta ce in rufe mata baki.

Yaya Sanusi ya riga ya kawo kwamfutar shago gida, don kunya ta hana shi buɗe ɓangaren bidiyo. Na kunna na nemo wurin. Gwaggo Larai ba ta iya riƙe kyamara ba, rabin hoton silin ne da ƙafafun mutane. Amma ga Iya nan zaune bakin gado, 'yar ƙarama, ta riƙe hannun amarya tana yi mata faɗa. Ta ce mata kada ta kai wa miji abinci tana fushi, ta ajiye ta huce tukuna, ko da zai yi sanyi. Sai ta juyo ta leƙa cikin kyamara ta ce, "Larai, wannan abin yana jina?" Aka ce yana ji. Ta ce, "To a gaishe shi," ta yi dariya da haƙoranta biyu. Na kalla sau uku. Na ce wallahi ba za a goge wannan ba ina raye.

Matsalar Malam na gane ta sarai. Ba ya son faifan da ke buɗe wa duk wanda ya sa shi. To sai a yi wanda ba ya buɗewa. Na tuna ɗan wasan nan na goma sha ɗaya. A manhajar ana iya yin maɓallin da ba shi da rubutu ba shi da launi, ido ba ya ganinsa amma rimot na iya taka shi. Na yi guda biyar, na jera su kamar duwatsun tsallake rafi: daga na farko hanya ɗaya ce ke kai ki na biyu, in kika danna wata sai ki koma kan Ɗaurin Aure kamar ba abin da ya faru. Na biyar ne ke buɗe ɓangaren mata. Menu ɗin kansa na sa hoton ƙofar masallacin da aka ɗaura auren, tsaye cak, ba kiɗa. Na buga na farko na kai gidan maƙwabta na gwada, ya yi. Na kai gida na biyu, ya yi. A gida na uku na'urarsu 'yar araha ce, na danna lamba biyu a rimot sai ga mata sun fito. Na kusa jifa da rimot ɗin. Na koma na toshe lambobi, na toshe maɓallin tsallakewa, wuta na zuwa tana ɗaukewa, na lalata faifai huɗu. Ranar Juma'a kafin a sauko masallaci na biyar ya tsaya a duk na'urorin uku.

Baba na zaune kan tabarma bayan ya dawo, Yaya Sanusi na gefe, na durƙusa na ajiye faifan a gabansa. Na gaya mashi komai. Na ce duk menu ɗin da ake yabo shekara guda ni na yi, wannan ɗaya ne ban yi ba, kuma don na yi fushi ne. Na ce ina so ya kai ni Kurfi.

Baba ya dubi Yaya Sanusi. "Gaskiya ne?"

Bai ɗago ba. "Gaskiya ne, Baba."

"Kai da bakinka ka ce mani a Katsina ka koyo."

Ban san ya faɗi haka ba, Maryama. Da na sani, wataƙila da na sami Baba shi kaɗai. Wataƙila kuma da ban yi ba, na san halina. Da Baba ya shiga ciki, Yaya Sanusi ya tsaya a kaina ya ce, "Kin zaɓi ranar da nake ƙasa kika taka ni. Ki riƙe kwamfutar, ki riƙe sunan. Ni ba ni da ƙanwa mai suna Kulu." Ya cika maganarsa, na gaya maki mutum ne mai cika alkawari. Shekara biyu in na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Bai sake taɓa kyamara ba, ya tsaya kan gem ɗinsa. Bikina ma a waje ya tsaya. Sai ranar sunanki ya shigo ya ɗauke ki, ya ce kin ɗauko goshin uwarki, Allah ya sa kada ki ɗauko bakinta. Wannan shi ne abin da na biya, kuma har yau in na tuna fuskarsa kan tabarmar nan ba na jin daɗi. Amma ban ƙwace ba. Ajiyewa ya yi don zuciya, ni kuma na ɗauka don na iya.

Asabar da safe muka shiga motar Kurfi, ni da Baba, kwamfuta a kwali kan cinyarsa, don ya ce in Malam ya ƙi, a gabansa za a goge kuma ni zan goge da hannuna. Muka sauka muka nufi gidan Malam. A zaure Malam na zaune kan buzu, siriri, da tabarau. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Baba ya yi bayani yana ta ba da haƙuri, har ya fi bayanin yawa. Labulen ƙofar cikin gida na motsi, na san akwai masu saurare. Malam ya sa aka fito da talabijin, aka sa faifan, ƙofar masallaci ta fito. Ya karɓi rimot da kansa.

Ya danna sama, ya danna ƙasa. Ya shiga Ɗaurin Aure ya fito. Ya shiga Walima ya ga kansa yana addu'a, ya tsaya ya ɗan kalla. Ya danna lambobi tun daga ɗaya har tara. Ya danna maɓallan da ni kaina ban san aikinsu ba. Ya fi rabin awa, gwiwoyina suka yi tsami, Baba na ta share zufa da hularsa.

"'Yar nan, kin tabbata suna ciki?"

"Suna ciki, Allah ya gafarta Malam."

"Kuma ba mai iya kai wa gare su sai wanda ya san hanya?"

Na ga Baba ya ɗan gyaɗa mani kai, wato in ce e. Na ce, "Akwai. In mutum ya ɗauki faifan ya kai kwamfuta da niyyar bincike, kuma ya san aikin, zai gani. Amma yaro ko baƙo da rimot ba zai faɗa ciki bisa kuskure ba."

Baba ya rufe ido. Malam ya cire tabarau ya goge da bakin rawaninsa.

"Mai niyya ko katangar gidan nan yana iya haurawa," ya ce. "Ban gina ta don shi ba. Lawal, ɗiyarka ba ta iya ƙarya ba, ka gode wa Allah." Sai ya juyo gare ni. "Na kwamfutar za a goge, yanzu. Faifan guda ɗaya ya zauna a ɗakin uwarsu. To, gaya mani hanyar."

"Allah ya gafarta Malam, sharaɗin da aka ba mu namiji ba zai kalla ba. Hajiya zan gaya wa."

"Kulu!" in ji Baba.

Daga bayan labule wata ta yi dariya ta toshe baki. Malam ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi rimot ɗin da ke hannunsa. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa ƙofar cikin gida, ya zura hannu ta gefen labule bai leƙa ba. Wani hannu mai zobe ya karɓa.

"A shigar masu da talabijin," ya ce. "Lawal, taso mu koma waje, an kore mu."

Na goge na kwamfutar, sannan na shiga. Ɗakin Hajiya Indo cike da mata, har Sa'adatu an ɗauko ta daga gidan miji. Na raɗa wa Hajiya jerin a kunne. Ta ɓata sau biyu tana komawa kan Ɗaurin Aure. Na kai hannu zan karɓa, don haƙurina ya ƙare, ta buge mani hannu ta ce in bari. A na uku ƙofar ta buɗe. Ta wuce rawar da sauri ba ta ko duba ba, ta tsaya inda tsohuwar ke zaune bakin gado. Da Iya ta leƙo ta tambaya ko abin yana jinta, Hajiya ta matsa har gwiwarta na taɓa teburin talabijin, ta ce, "Muna jinki, Iya."